Ramar da Na Kasa Riƙewa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗiyata Barira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin kwanciyar hankali, ke da maigidanki. Allah ya sauke ku Tunis lafiya, ya sa a yi aikin nan a sa'a, ya ba masu yinsa basira da sanyin hannu, ya tashe ki daga gadon asibiti da ƙafafunki. Babanki yana gaishe ku. 'Yarki Nafisa tana nan lafiya lau, kada ki sa ta a ranki.

Na ba maigidanki takardar na ce kada ya miƙa miki sai jirgi ya tashi daga Yamai. Na san halinki. In na fara magana sai ki ce, "Haba Inna, ai na sani," ki ɗauko mini hirar wata. To, a cikin jirgi babu inda za ki, sai ki zauna ki karanta.

Aikin da za a yi miki shi aka yi mini, a garin da aka yi mini. Za su yanke mafi yawan tumbinki su fitar, su bar miki ɗan siriri su ɗinke. Kada ki ji tsoron wannan. Barci za ki yi, ki farka ki tarar an gama, sai 'yan huji a fatar ciki da ciwo na 'yan kwanaki. Ni aikin bai cuce ni ba. Na tashi lafiya, sukarina ya sauka har lokotoro, wato likita, ya ce in bar allura, hawan jinin ya kwanta, na kai goshina ƙasa na yi sujada bayan shekara da shekaru ina salla a kan kujerar roba. Duk wannan ya zo hannuna, kuma ni da kaina na mayar da shi. Yau ga ni, ƙibar ta dawo, sukarin ya dawo da ƙarfinsa, yatsu biyu babu a ƙafata ta hagu, in na je awo lokotoro ya duba sauran ya yi shiru.

Ke kuwa ciwon ya kama ki da ƙuruciya, ga gwiwoyi, ga haki ko tsakar gida kika share, ga Nafisa ko firamare ba ta gama ba. Abin da ya hana ni sakat ke nan: a yanke miki a can, ki dawo Maraɗi a maido miki, ki ƙare inda na ƙare. Lokacin da abin ya faru da ni kina Damagaram wurin aikin maigidanki, abin da kika gani in kin zo hutu kaɗai kika sani. Bari in gaya miki yadda aka yi.

Ɓatana ya fara tun kafin in hau jirgi. Ɓoyewa na yi. Na ce wa dangi da maƙwabta da matan layinmu a Sabon Gari saro kaya zan tafi. A raina, yaya za a ce Hajiya guda, mai shagon atamfa, ta kwashi jiki ta tafi ƙasar Larabawa an yanke mata ciki don ta rage cin tuwo? Wata za ta ce na raina ni'imar Allah, wata ta ce tsufa ya zo ina neman komawa budurwa. Babanki ya ce mini, "Hajiya, ki gaya wa mutane. Ciwo ne, ba sata za ki ba." Na ce, "Alhaji, ka bar mini maganar mata, ba ka san bakinsu ba." Ya ce to. Kin san shi, in ya ce to ɗin nan ya gama. Har leshi na sa ya sayo mini a kasuwar can, ina kwance da ɗinki a ciki, don in sami abin nunawa in mun dawo. Ki dubi wannan wauta don Allah.

Ke kada ki yi. Na ji kina ce wa surukarki, "Awo ne kawai za a yi mini." Da kunnena na ji, kuma na gane inda maganar za ta. Tun kina can ki kira ta a salula ki gyara. Duk wanda ya tambaye ki, ko mai kabu-kabu ne, ki ce, "Ciwon sukari ne ya tasar mini, aka yi mini aikin rage tumbi, zan rame, kuma ramar ake nema." In mata sun matsa, ki ɗaga riga ki nuna musu tabon. Za su yi surutunsu su gaji.

Da yake saro kaya na ce na tafi, da muka dawo ba dubiya aka zo mini ba, sannu da zuwa aka zo. Gwaggonki Tasalla, yayar babanki, ta taso tun daga Tibiri da rana tsaka a bayan kabu-kabu, da kwanon samira a cinya. Dambu ne da zogale, ya sha man gyaɗa, ga soyayyar zabuwa a kai. A lokacin abin da aka yarda in sa a bakina ruwa-ruwa ne kawai, romo tacacce da madara marar sukari, su ma da cokali. Ta buɗe kwanon ta turo gabana.

"Bismillah. Duk kin yi wani fayau, abincin Larabawa ba ya riƙe ciki."

Na ce, "Yaya, yanzu na ci."

"Me kika ci?"

"Na dai ci."

"To ki ɗora. Ko don ba daga firiji aka ɗauko ba? Mu mutanen Tibiri ƙazamai ne ko?"

Kin san Gwaggo in ta kai nan. Ga ɗaki cike da mata, kowa ta zuba mini ido. Na sa hannu. Loma kaɗan na yi, wallahi ba su cika tafin hannu ba, sai na ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙahon zuci. Zufa ta karyo, na tashi da ƙyar na shiga makewayi, na yi ta amai. Daga nan ko ruwa na kurɓa sai ya dawo. Washegari babanki ya kwashe ni zuwa asibiti aka ɗaura mini ƙarin ruwa. Lokotoron da ya karanta takardun Tunis ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Hajiya, ɗinki ne ɗanye a cikinki. Da ya ɓalle, da yanzu ba nan kike ba." Gwaggo kuwa aka ce mata gajiyar tafiya ce, ta sake aiko da kunu.

Saboda haka ki koyi cewa a'a tun yanzu. Wadda ta ji haushi za ta huce. Sauran dokokin likitocin can za su gaya miki, amma ba su san gidajenmu ba, ba su san tire ba. Kada ki ƙara zama a tire ɗaya da mutane, don a tire kowa sauri yake, ke kuma yanzu loma ɗaya sai kin tauna ta har ta gundure ki. Ki sami ɗan kwanonki irin na yaye yaro, ki zauna gefe, ki fara da ƙwai ko kifi ko wake kafin tuwo. Kada ki haɗa ci da sha, ki bar rata tsakaninsu. Ruwa kuwa, zancen ɗaga moɗa a kwankwaɗa ya ƙare. Kurɓa-kurɓa za ki yi wuni guda, gora na hannunki duk inda kike, don zafin garin nan ba ya jiran sai kin ji ƙishi. Azumi ki tambayi lokotoro, ki tambayi malam, ki bi abin da suka ce. Ni na ɗauka a shekarar farko don kada a ce me ya hana Hajiya, cikin bazara, kafin la'asar aka tsince ni a ƙasa tsakanin turamen atamfa.

Da abu ya daidaita, na shiga watannin da ban taɓa jin daɗin jikina irinsu ba tun ina amarya. Nama yana zubewa. Tela yana rage mini riguna har ya ce, "Hajiya, wannan kam sai dai a fitar da biyu a ciki." Nakan taka daga gida zuwa shago da ƙafa, ba haki. Barci ya gyaru, minsharin da babanki yake tsokanata da shi ya tafi. Amma gashi ya yi ta zuba a mataji, fatar damtse ta saki tana reto, wuya ya fito, idanu suka faɗa. Ni an gaya mini za a yi haka, kuma yawancinsa zai wuce. Mutanen gari kuwa ba wanda ya gaya musu komai. Abin da suka sani, Hajiya ta tafi saro kaya da jikinta, ta dawo tana ƙarewa.

A wani suna a Jiratawa na gane inda maganar ta kai. Gidan wani ɗan'uwan babanki ne mai lambu a fadama. Aka dama fura a babbar ƙwarya, muna zaune mu da yawa, ludayi yana zagayawa. Na ɗan kurɓa na miƙa wa ta kusa da ni, matar da muka daɗe muna cin abinci kwano ɗaya. Ta dubi ludayin, ta dube ni, ta ɗaga murya ta ce a kawo mata wani. Da na tashi yin alwala na ji ta bayan darni ana cewa, "Alhazan nan masu yawon ƙasashe, Allah kaɗai ya san abin da suke kwaso wa matansu." Wata ta ce, "Allah dai ya rufa asiri." Ƙanjamau suke nufi, Barira. Na tsaya da buta a hannu. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar nan ba, kuma rabinsa don babanki ne, da aka shafa masa abin da bai ji ba bai gani ba.

Masu sauƙin baki kuma suka ce karayar arziki ce. Wani abokin babanki a kasuwar hatsi ya ja shi gefe ya ce in gida ya yi nauyi kada ya ji kunya, akwai buhun gero. Babanki fa, mutumin da yake loda manyan motoci! Ya dawo ya ba ni labari yana dariya, amma na ga dariyar ba ta kai ciki ba. A shago ciniki ya ja baya, mace ta tsaya daga bakin ƙofa ta nuna turmi da baki. Gwaggo ta yanke cewa sammu ne, ta zo mini da wata tsohuwa 'yar bori daga ƙauyen bayan Tibiri. Tsohuwar ta sa kowa ya fita, ta shafa cikina, ta ji tabon, ta ce a hankali, "Hajiya, iskokina ba sa ɗinki. Wa ya yi miki wannan?" Na ce tabon ƙuraje ne. Ta kalle ni kawai, ta bar mini ƙullin saiwa don kada a ce ta zo a banza, ta tafi.

Daga baya na fito na faɗi gaskiya, na ce aiki aka yi mini. Na makara. Suka ce, "Oho, yanzu kuma aiki ne? Da ba saro kaya ba ne?" Ba wadda ta yarda.

Nan ne na yi abin da ya kawo ni inda nake, ki karanta nan a hankali. Ba mantuwa ba ce, da gangan na zauna na ce sai na maido jikina. Tuwo ba ya shiga, nama ba ya shiga, amma na lura abin sha yana wucewa sumul, ɗan tumbin nan ba ya tare shi. To sai na kama. Fura da nono da sukari da safe, kunun gyaɗa da madarar gwangwani da hantsi, lemun kwalba in buɗe in ajiye iskar ta fita in sha, wuni guda ina kurɓa, yadda aka ce in yi da ruwa. Da farko yakan sa ni jiri da zufa da faɗuwar gaba, in kwanta ya wuce, in tashi in ci gaba. Sannan na kira mai tallan magani, irin masu ɗaukar akwati a ka, na sayi ƙwayar nan da ake ce wa sha-ka-fashe. Ni da nake da ciwon sukari! Na san tana tayar da shi, an gaya mini, amma na sha.

Kumatu suka fara cikowa. Tumbin ma a hankali ya buɗe, loma ta ƙaru. Sai gaisuwa ta canza. "Masha Allah, Hajiya, jiki ya yi kyau." "Kai, Alhamdu lillahi, an murmure." Gwaggo ta ce saiwar tsohuwa ce ta yi aiki. Matar nan ta Jiratawa, a wani bukin, da hannunta ta karɓi ludayi daga hannuna ta sha. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji, daɗi sosai, har sadaka na yi. Na daina zuwa awo don ba na son ganin sikeli da fuskar lokotoro. Na daina shan bitamin da aka ce in sha har ƙarshen raina, na ce ai na warke. Babanki ya taɓa cewa, "Hajiya, furar nan ba ta yi yawa ba?" Na ce, "So kake a ci gaba da cewa kai ka kashe ni?" Bai ƙara ba.

Sai ƙishi ya dawo, da yawan fitsari, da hazo-hazo a ido. Na yi kamar ban gani ba. Wata rana allurar ɗinki ta shige mini ɗan yatsan ƙafa a shago ban ji ba, sai da na cire takalmi zan yi alwala na ga jini. Ashe ƙafar ta daɗe ba ta ji. Ciwon ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya kama na kusa da shi. Da aka yanke su, masu yi mini barka da murmurewa suka zo dubiya, suka cika ɗaki da kwanoninsu. Kowa na cewa ciwon sukari mugun ciwo ne, Allah ya sawwaƙe.

To ɗiyata, za ki rame, ramar da ke kanki za ta ba ki tsoro in kin dubi madubi. Za a yi magana ko da kin faɗi gaskiya, sai dai ba za ta yi kaifi irin tawa ba. Za a kuma tausaya miki, wannan ne ya fi wuya, don mai zagi kina iya tsuke mata fuska, mai tausayi kuwa da kwano take zuwa. Ki bar su, ba su za a yanke wa yatsu ba. Duk abin sha da aka sa wa sukari ki ɗauka ba naki ba ne. Awon jini da ranar ganin lokotoro kada ki tsallake, musamman ranar da kika ji ba kya son zuwa, na san ranar nan sarai. Bitamin kullum, ko kina jin ƙarfi kamar doki. Maganin sukari da na hawan jini kada ki bari da kanki don kin ji sauƙi, shi zai ce ki rage ko ki bari. Mai akwatin magani kuwa, ko ciwon kai kike kada ki kira shi, akwai ƙwayoyin ciwon jiki da ke cin ɗan tumbin nan.

Maganar haihuwa. Na san dangin maigidanki sun ƙosa Nafisa ta sami ƙane, kuma in jiki ya sauka ciki yakan zo ba a shirya ba. Lokotoro zai ce ku dakata sai jikin ya tsaya, shekara ko fiye. Ku dakata. Ba maganar da uwa ta saba yi wa ɗiyarta ba ce, a takarda dai na iya. Ku je ku biyu a gaya muku yadda za ku yi.

Sai wata 'yar dabara ta masu sayar da zane. Kada ki yi ta yawo cikin tsofaffin rigunanki suna lilo a jikinki, shi ke sa a ga mutum kamar majinyaci. Ni rowar ɗinki na yi, ina ta kai wa tela ragi. Ki ɗinka sababbi daidai jikinki, masu haske, ki ɗaura kallabi ya tsaya, ki sa kwalli, ki fita da tafiyarki ta mai lafiya. Na ware miki turame a shago, kyauta, kin kuma san ba halina ba ne.

Saura magana ɗaya, ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Ƙibar nan taki akwai ta gado, haka ne, duk gidanmu masu jiki ne. Amma 'yar daidai kika tafi gidan miji. Da kika haifi Nafisa kika zo wankan jego, ni na tsare ki a ɗaki har arba'in, kunun kanwa da safe, ƙauri da rana, fura da yamma, in kin ce kin ƙoshi in ce ki ƙara don nono. Ranar da aka mayar da ke zoben hannunki ba ya fita, surukarki ta ce, "Lalle an je gida," ni kuwa ina ta washe baki. Haka uwata ta yi mini, haka na yi miki, duk Maraɗi ba wadda za ta ce na yi laifi. Wannan ban san illarsa ba a lokacin.

Wanda na sani shi ne na Juma'ar da ta wuce. Kin zo sallama. Kin gaya mini lokotoro ya sa ki rage ci kafin aiki don kitsen hanta ya ragu, ba sukari, ba maiƙo. Na ji, na ce madalla. Muna cikin hira na dube ki, na ga idonki ya ɗan faɗa, na tuna tafiya za ki yi mai nisa a shiga da ke ɗakin aiki. Sai kawai na tsinci kaina a tsakar gida, da sandata, ina dama fura. Na zuba sukari, Barira. Na kawo na ce, "Ɗan kurɓa, ba ta da yawa." Kika ce, "Inna, an hana ni." Na ce, "Furar uwarki ce aka hana ki?" Kika dube ni, kika karɓa, kika shanye. Sai da kika fita na dubi ƙwaryar, na dubi ƙafata, na zauna a bakin ƙofa. Ki gaya wa likitocin can kin sha, kada ki ɓoye musu.

Ni da na san komai, ni da aka yanke wa yatsu. Hannun nan nawa in yana son mutum abinci yake ba shi, bai iya wani abu ba, ke kuma ba ki iya ce mini a'a ba. Gwaggo za ki iya. Surukarki za ki iya in kin daure. Ni ba za ki iya ba, na gani da idona.

Don haka mun yi magana da babanki, na kuma aika wa maigidanki. An shirya in kun dawo ki sauka gidana in yi jinyarki, kamar yadda ake yi. Na warware wannan. Ki wuce ɗakinki. Kada ki kwana gidana, kada ki ci komai daga tukunyata, sai lokotoro ya ce jikinki ya tsaya, ko da zai kai shekara. Za a ce wace irin uwa ce wannan, ɗiyarta ta dawo daga asibiti ta ƙi karɓarta. A ce. Zan riƙa zuwa in gan ki in ƙafa ta bari, in yi miki tsifa, in yi miki surutu, hannu rabbana zan zo duk unguwa na kallo. In kuwa wata rana kika leƙo kika gan ni a zaurenki da kwano a lulluɓe, kada ki tsaya jin abin da zan ce. Ki kira babanki ya zo ya ɗauke ni. Zan yi fushi, zan yi kuka, zan ce ni na haife ki. Ki rufe ƙofar. Na yafe miki tun yau, duniya da lahira.

Allah ya tsare ku a sama da ƙasa, ya kai ku lafiya, ya dawo mini da ke da ranki da lafiyarki. Allah ya sa ki tsufa a kan ƙafafunki, ki ga jikokin Nafisa. Ya yi miki albarka. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Hajiya Sa'a,
Sabon Gari, Maraɗi.